Mun ɗauki mutum 23 bara, yau saura 6: ina gizo ke saƙar?

Sakatariyar Dole:
Assalamu alaikum, 'yan uwa masu aikin sa kai. Wata damuwa ce ta hana ni sakat, na kuma san ba za a rasa wanda ya taɓa shiga irinta a nan ba. Ƙungiyarmu ta hidimar al'umma ce, shekararta 9 da kafuwa. Muna yashe magudanan ruwa, muna shirya ba da jini sau biyu a shekara, ƙarshen mako kuma muna koya wa yaran unguwa karatu. Bara muka ce mun gaji da ganin fuskokin nan dai da muka saba, sai muka yi gangami. Muka buga takardu, muka cika Facebook da hotuna, aka ce kowane mamba ya kawo mutum guda. Mutum 23 suka cike fom.

Jiya na ɗauko littafin rajista na ƙirga. Cikin 23 ɗin nan, mutum 6 ne kaɗai suka leƙo taro ko da sau ɗaya a wata ukun da suka wuce. Babu wanda ya rubuto ya ce ya fita. Suna nan a guruf ɗinmu na WhatsApp, suna karanta saƙo, wasu har alamar babban yatsa suke ɗorawa, amma ƙafa ta ɗauke. Yanzu kwamiti na cewa a sake wani gangamin. Ni kuwa gani nake ruwa muke ɗurawa a kwando. Don Allah masu gogewa, ta ina ake fara gyara?

Dattijon Ƙungiya:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kwantar da hankalinki. Mutum 6 cikin 23 ai riba ce. Shekara talatin da 'yan kai na yi a harkar nan, kuma abin da na gani shi ne duk wanda hoto ya kawo shi, ranar da babu mai ɗaukar hoto ba za ki gan shi ba. Da haihuwar yuyuyu gara ɗa ɗaya ƙwaƙƙwara. Ku riƙe shidan nan da kyau, sauran ku aika musu takardar gargaɗi, wanda bai amsa ba cikin wata guda a soke sunansa. A zamaninmu wanda ya makara tara ce, wanda ya ƙi zuwa sau uku a jere sai ya tsaya gaban jama'a ya yi bayani. Ba mu taɓa roƙon kowa ya zauna ba. Ƙungiyar da ba ta da doka taron tsintsiya ne babu shara.

Ɗalibar Aji Uku:
Baba, da girmanka, amma aikin sa kai ne fa. Mutum ya ba da lokacinsa kyauta, sannan a ci shi tara?

Wanda Ya Fice:
Anti Sakatariya, bari in ba ki labari daga ɗaya ɓangaren, domin ni ina cikin irin mutum 17 ɗin da kike nema. Ba ƙungiyarku ba ce, wata ce daban, ba zan ambaci suna ba.

Sana'ata gyaran wutar lantarki. Wata Asabar ina wucewa na ga mutane suna yi wa ajin wata makarantar firamare fenti, kowa jikinsa ya ɓaci, ana ta raha. Na tsaya na riƙe musu tsani, na kusa awa biyu a wurin. Da zan tafi aka ba ni fom, na cike da murnata. A cikin ajin nan na lura fankar sama ba ta aiki, ga waya tsirara tana reto daidai inda hannun yaro mai tsawo zai kai in ya hau benci. Na ce a raina, ga aikina na farko.

Ranar taro na je a kan lokaci. Ni da wani tsoho ne kawai, sai da muka yi minti hamsin sannan aka fara. Babu wanda ya tambayi sunana. Aka karanta bayanin taron baya, aka yi gardama a kan wata jimla a ciki, aka koma kan waɗanda ake bi bashin kuɗin wata, aka yi awa guda a nan. Da aka zo "ko akwai wata magana" na ɗaga hannu na faɗi batun wayar nan, na ce ni zan gyara, kayan aikina ne, ba na son ko sisi. Shugaba ya ce madalla, in rubuta wa kwamitin ayyuka. Na rubuta a daren. Kwamitin ayyuka bai zauna ba wata huɗu. Na tuna musu sau biyu, a na biyun wani ya ce da ni cikin dariya, "Sabon shiga, yi a hankali, akwai tsari."

Sai mahaifina ya kwanta rashin lafiya. Taro uku ban je ba, ina asibiti ina jinya. Kin san saƙon farko da na samu daga ƙungiya a duk tsawon lokacin nan? Jerin sunayen masu bashi da aka saka a guruf, sunana na bakwai. Ban yi fushi da kowa ba, ban yi magana ba, ban ma fita daga guruf ɗin ba. Kawai dai ban sake komawa ba.

Ɗalibar Aji Uku:
Yaya, wayar fa?

Wanda Ya Fice:
Na je da kaina na sami shugaban makarantar, na gyara cikin minti ashirin.

Mai Riƙe da Jaka:
Allah ya ba Baba lafiya in yana raye, in ya riga mu Allah ya jiƙansa. Labarinka ya taɓa ni, ƙanena, amma tunda ni ma'aji ne a tamu ƙungiyar, dole in kare 'yan uwana ma'aji, don mu ne kullum mugaye a labari. Kun san wa ke cike giɓi in an tashi aiki kuɗi ba su kai ba? Ni. Daga aljihuna. In bi mutum a waya sau uku a ɓoye, ya ce gobe, ya ce jibi. Ranar da na gaji na saka jerin suna, sai a ce na ci mutunci. Fentin da ka gani ana shafawa ranar nan, da kuɗin watan wani aka saye shi. Ban ce saka sunan mai jinya daidai ba ne, kuskure ne babba. Amma ta yaya ma'aji zai san kana jinya? Littafin kuɗi ne a hannunsa, ba littafin lafiya ba.

Wanda Ya Fice:
Baba ya warware, na gode Yaya. Kuma ka faɗi abin da nake nufi da bakinka. Ƙungiyar tana da wanda aikinsa ne ya san ban biya ba, amma ba ta da wanda aikinsa ne ya san ban zo ba.

Malam Mai Bincike:
Maganar nan ta ƙarshe a ja mata layi.

Sakatariya, ko zai rage miki zafi, wannan ciwon tare aka haife shi da ƙungiyoyin hidima. Rotary, wadda kusan ita ce uwar irin waɗannan ƙungiyoyi, mutum huɗu ne suka fara ta a birnin Shikago na Amurka ranar 23 ga Fabrairun 1905: Paul Harris lauya, da wani dillalin gawayin kwal, da wani injiniyan haƙar ma'adinai, da wani tela. To injiniyan da telan duk ba su daɗe a ciki ba. Rabin waɗanda suka kafa ta ke nan. Sunan ma ya samo asali ne daga yadda suke zagayawa da taro daga ofishin wannan zuwa na wancan, wato tun farko abota da sanin juna ne ginshiƙin abin. Aikin al'umma ya biyo baya, kuma wanda aka fi sanin sun fara da shi, a 1907, shi ne fafutukar samar da banɗakin jama'a a birnin.

Yau ɗin nan ma ba su tsira ba. Shekaru da dama adadin membobinsu a duniya yana kewayen miliyan 1.2, alhali kowace shekara ana ɗaukar sababbi masu yawa. Lissafin a fili yake: yadda ake shiga ta ƙofar gaba haka ake zurarewa ta baya. In masu ofisoshi da ma'aikata da horaswa suna fama, kada ki ɗora wa kanki laifin duka.

Dattijon Ƙungiya:
Malam, tunda ka kawo su, ai ka san su ma da doka suka yi ƙarfi. Taro kowane mako, ana ɗaukar sunan wanda ya zo, wanda ya ƙi zuwa sau huɗu a jere ba uzuri yana iya rasa kujerarsa. Ko ba haka ba?

Malam Mai Bincike:
Haka ne, Baba, dokar ta daɗe a haka. Sai dai a 2016 majalisar dokokinsu ta sassauta. Aka bar wa kowane reshe ya zaɓi yadda zai riƙa haɗuwa, muddin zai haɗu aƙalla sau biyu a wata, ko ido da ido, ko ta intanet, ko ma fita aiki a lissafa shi a matsayin haɗuwa. Dalilin shi ne dai wannan da muke magana a kai, masu aiki da masu ƙananan yara ba sa iya jure tsohon tsarin.

Dattijon Ƙungiya:
To bayan sassaucin, adadin ya tashi?

Malam Mai Bincike:
Gaskiya bai yi wani tashin a-zo-a-gani ba.

Dattijon Ƙungiya:
Alhamdu lillahi. Na gama magana.

Maman Biyu:
Baba ka ci wannan zagayen, amma ba ka gama ba tukuna. Sassauta doka kaɗai ba ya riƙe mutum, na yarda. Tsaurara ta ma ba ya riƙewa, korewa yake yi, sai dai ba a ganin waɗanda ya kora don ba sa zuwa su faɗa.

Ni shekara biyu ina biyan kuɗin wata a wata ƙungiya ban halarci taro ya fi biyar ba. Me ya sa? An sa taro ƙarfe takwas na dare a tsakiyar mako, lokacin da nake fama da aikin gida na makaranta da kwantar da yara. Waɗanda suka zaɓi lokacin duk maza ne da 'ya'yansu suka girma. Da na roƙi a mayar da shi safiyar Asabar ko sau ɗaya a wata, aka ce kundin tsarin ƙungiya ne ya faɗa. Kundin da mutum biyar suka rubuta a falo kafin a haifi ɗana na fari! Kuma duk ranar da za a fita aiki, ni ce ke zuwa da mata shida daga maƙwabta. A littafi ni raggon mamba ce, a fili kuwa ni ke kawo hannaye.

Malam, gyara mini in na yi kuskure, ba sai da aka je kotu ba kafin manyan ƙungiyoyin nan su karɓi mata?

Malam Mai Bincike:
Ba ki yi kuskure ba, Hajiya. Wani reshen Rotary a garin Duarte na jihar Kalifoniya ya ɗauki mata, uwar ƙungiya ta soke rajistarsa, magana ta kai Kotun Ƙolin Amurka, ta yanke hukunci a 1987 ta goyi bayan reshen. A 1989 aka buɗe wa mata ƙofa a duk duniya. Lions kuwa, wata babbar ƙungiyar hidima irin Rotary, a 1987 ta fara karɓar mata a matsayin cikakkun membobi.

Maman Biyu:
To kun ji. Shekara tamanin da wani abu ana kukan ƙarancin mutane, rabin al'umma na tsaye a bakin ƙofa. Kowace ƙungiya ta duba ta ga wa tsarinta ya bari a waje ba tare da ta sani ba. Wani lokacin ba doka ba ce ma, agogo ne kawai, ko wurin taron da ba a samun abin hawa in dare ya yi.

Nas Mai Aikin Dare:
Yanzu na sauka daga aiki na tarar da saƙonni sun taru, na bi su duka. Zan koma kan ɗaukar mutanen, don ina ganin matsalar Sakatariya daga can ta faro.

Kuskuren da muka daɗe muna yi shi ne gayyatar mutum zuwa taro. Taro shi ne mafi munin fuskar kowace ƙungiya. Kamar ka kawo baƙo gidanka ka fara shigar da shi ɗakin ajiyar tarkace. Mu yanzu mun daina ba da fom a ranar farko. In mun ga wanda muke so, sai wanda ya san shi ya je ya same shi, ba saƙon da aka tura wa mutum ɗari ba, ya ce masa, "Ranar kaza muna shirya ba da jini, muna buƙatar wanda zai zauna a tebur ya rubuta sunaye daga tara zuwa sha biyu, za ka iya?" Aiki guda, mai farko da ƙarshe, wanda in bai zo ba za a ga gurbinsa. Mutane da yawa da za su ce "sai na duba" in ka ce su shiga ƙungiya, za su ce "to" in ka roƙe su awa uku.

In ya zo sau biyu ko uku, shi da kansa zai tambaya yadda ake shiga. Sannan ne muke zaunar da shi mu faɗa masa gaskiya: ga kuɗin wata, ga yawan taro, ga abin da muke gardama a kai, ga abin da ba mu iya ba. Wasu su ce a bar su a matsayin masu taimakawa in an tashi aiki, ba sa son zama membobi. Mun buɗe musu shafi daban a littafi, ba ma bin su kuɗi, ba sa jefa ƙuri'a. Da farko tsofaffinmu sun ƙi, suka ce za a rasa masu biya. Abin da ya faru shi ne daga wannan shafin muke samun membobin da suka fi daɗewa.

Sai abu na biyu. Wannan "kowa ya kawo mutum guda" ina jin tsoronsa. Mutum zai kawo ƙaninsa ko abokin aikinsa don ya fita kunyar shugaba, shi kuma wancan ya cike fom don ya fita kunyar wanda ya kawo shi. Kunya biyu ta haɗu, babu niyya ko ɗaya. Sakatariya, cikin 23 ɗin nan nawa ne irin wannan?

Sakatariyar Dole:
Anti Nas, kamar kina wurin. Na san aƙalla takwas da haka suka shigo. Ɗaya ma ƙanwata ce.

Mai Riƙe da Jaka:
Shafin masu taimakawa ba biya ɗin nan bai kwanta mini ba. In kowa ya gane zai iya shiga hoto ya sa rigar ƙungiya ba tare da ya ba da komai ba, wa zai zaɓi biya?

Nas Mai Aikin Dare:
Wanda yake son a ji muryarsa in za a yanke shawara, Malam Ma'aji. Kuma bari in faɗa maka abin da ya gyara mana biyan kuɗi fiye da duk wani jerin sunaye. Ma'ajinmu ya fara saka hoton kowane rasit a guruf a ranar da aka kashe kuɗin, ƙarshen wata kuma ya saka takardar banki yadda take. Mutane ba rowa ce ke hana su ba galibi, zargi ne da ba sa iya furtawa. Wanda ke zargin ana cin kuɗi ba zai tashi a taro ya faɗa ba, musamman in ma'ajin sa'an mahaifinsa ne. Zai daina biya, daga nan ya ji nauyin zuwa da bashi a kansa, daga nan ya ɓace.

Mai Riƙe da Jaka:
Wannan kam gaskiya ce, bashi na korar mutum. Akwai wanda na san in ya hango ni a hanya sai ya canza layi, alhali ni gaisawa kawai nake so mu yi.

Ɗalibar Aji Uku:
Ni dai a bar ni in faɗi wadda ba a so. Matasa ba ƙin aiki muke yi ba. Mu ne ke ɗaukar kujeru, mu ne ke shiga kwata, mu ne ke ɗaukar hoto mu saka a intanet. Amma in an zo zaɓen wane aiki za a yi bana, sai a ce mu yi shiru manya na magana. Shugabanmu tun kafuwar ƙungiya shi ne shugaba. In na san shekara goma masu zuwa ma ɗaukar kujera zan ci gaba da yi, me zai zaunar da ni?

Dattijon Ƙungiya:
Jikata, bari in ba ki amsa, don kibiyar nan ni ta nufa. Sau biyu ina ajiye shugabanci. Na farko aka kira zaɓe, babu wanda ya tsaya. Na biyu wani matashi mai zafin nama ya karɓa, muka yi murna, bayan wata biyar ya sami aiki a wani gari ya tafi da littafin rajista da lambar sirrin shafinmu. Sai da muka yi wata uku muna nemansa. Kuna cewa mun ƙi sakin kujera, mu kuma muna ganin in mun saki faɗuwa take yi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Ɗalibar Aji Uku:
Allah ya ƙara girma, Baba. Amma kafin ya karɓa, an taɓa ba shi wani ƙaramin abu ya riƙe? Ko daga ɗaukar kujera aka ɗora shi kan shugabanci?

Dattijon Ƙungiya:
Hmm. Yarinyar nan lauya za ki zama?

Malam Mai Bincike:
Tambayarta na kan hanya, Baba. Manyan ƙungiyoyin nan sun gane ba a fafe gora ranar tafiya. A Rotary shekara guda shugaban reshe ke yi bisa al'adarsu, ana canji ranar 1 ga Yuli, kuma tun kafin lokacin an san wanda zai gaje shi, yana zaune kusa da shi yana koyo, har horo ake ba shi. Sun kuma yi wa matasa nasu rassan inda su ke shugabantar kansu: Lions na da Leo tun 1957, Rotary na da Rotaract tun 1968. Ba sai ƙaramar ƙungiya ta kwaikwayi duk wannan ba. Ko mataimaki aka yi wa kowane muƙami, aka ce lambar sirri da littafi dole mutum biyu su riƙe, an rage irin abin da ya same ku.

Akwai kuma wani abu da ban ji an taɓo ba. Ƙungiyar da aka san ta da abu guda ta fi sauƙin jawo mutane. Lions an kafa ta a 1917, amma abin da ya ba ta fuska shi ne 1925, lokacin da Helen Keller, wadda makauniya ce kuma kurma, ta yi jawabi a babban taronsu ta nemi su tsaya wa makafi. Tun daga nan in an ce Lions sai a tuna aikin ido. Rotary kuma ta ɗauki yaƙi da cutar shan inna a 1985, har yau da shi aka fi saninta. Sakatariya, in wani ya tare ki a hanya ya ce me ƙungiyarku ke yi, za ki iya faɗa a numfashi guda?

Sakatariyar Dole:
Sai na ja numfashi uku, Malam. Amma ban yarda mu yar da sauran ayyukan ba. Masu zuwa karatun yara daban ne da masu zuwa yashe kwata, in muka tsaya kan ɗaya za mu rasa rabi.

Maman Biyu:
Ina bayanki a nan. Abin da ya yi wa ƙungiyar duniya daidai ba lallai ya yi wa ta unguwa ba. Unguwa matsalarta ba guda ba ce.

Wanda Ya Fice:
Ni dai shawarata ɗaya ce, Anti. Kafin kwamiti ya buga wata takarda, ki kira mutum 17 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Kira, ba saƙo ba. Kada ki ambaci kuɗi, kada ki ce su dawo. Ki gaishe su, ki ce kin ga kwana biyu ba a gan su ba, lafiya? Sai ki yi shiru ki saurara. Da wani ya yi mini haka a makon nan na asibiti, da yanzu ina can ina gardamar bayanin taron baya tare da su.

Dattijon Ƙungiya:
Wannan ban ƙi ba. Zumunci a ƙafa yake. Mu ma a da in mutum bai zo ba, kafin a ci shi tara sai an tura mutum biyu gidansa. Na manta ban faɗi wannan ɓangaren ba.

Ɗalibar Aji Uku:
Baba, ai shi ne ɓangaren da ya fi muhimmanci ka bari a aljihu!

Sakatariyar Dole:
'Yan uwa, na dawo da rahoto. Kwana huɗu na yi ina kira, bayan na tashi daga aiki.

Mutum huɗu ba su ɗauka ba, ban kuma matsa ba. Uku sun bar garin, ɗaya ma tun watan da ya cike fom, muna nan muna rubuta masa bashi. Biyar sun faɗa mini a fili cewa don wanda ya kawo su suka shiga, har da ƙanwata, wadda ta ce ta ɗauka na gane tuntuni. Biyu lokacin taro ne bai yi musu ba, ɗayansu aikin dare take yi kamar Anti Nas. Ɗaya ya ce ya tambayi yadda aka kashe kuɗin gangamin bara, aka kalle shi kamar ya yi saɓo. Ɗaya ta haihu, wallahi babu wanda ya sani a cikinmu, jaririn har ya fara zama.

Na ƙarshen shi ne ya hana ni barci. Malamin lissafi ne, ya shigo don karatun yara. Ya ce ya rubuto tsarin yadda za a raba yaran kashi uku bisa ƙarfinsu, ya miƙa wa sakatariya hannu da hannu, ba a sake ce masa komai ba. Na ce wace sakatariya? Ya yi dariya. Na je na buɗe jakar takardu, ga ta nan a tsakanin fom ɗin da aka cike, shafi huɗu da rubutun hannu mai kyau, har da jadawali. Ni na karɓa. Na tuna ranar ma, ina tsakiyar rubuta sunayen masu tara na ce masa "to, za a duba."

Na ba shi haƙuri. Ya ce in ana so zai zo ranar Asabar ya gwada da yaran, amma ba zai zauna taro ba. Na ce ya zo. Ban nemi izinin kwamiti ba, ranar Lahadi zan san abin da zan tarar.

Mai Riƙe da Jaka:
Ki fara da ma'ajinku kafin Lahadi. Ki ce ya goge bashin wanda ya bar gari da na mai jego tun kafin a karanta a taro. In ya yi gardama ki ba shi lambata.

Dattijon Ƙungiya:
In kwamiti ya tayar miki da ƙura, ki ce wani tsoho ya ce a bar malamin ya yi aikinsa. Amma batun ba zai zauna taro ba, wannan sai mun sake zama. Yau shi, gobe kowa.

Nas Mai Aikin Dare:
Baba, bari dai ya fara zuwa Asabar ɗin tukuna.

Sakatariyar Dole:
Malam mai gyaran wuta, ɗakin da muke karatun yara fitila biyu cikin huɗu sun mutu tun bara. Ba fom, ba taro. In kana kusa, in turo maka kwatance ta akwatin sirri?

Wanda Ya Fice:
Turo. Ki duba mini ko akwai tsani a wurin, ko in taho da nawa.